Darasin Tarihi a Gidan Gitahi

Litinin, da hantsi

Hutu ya kusa ƙarewa, har yau ban tsayar da abin da za mu karanta a tarihi ba. Lissafi na gama da shi, Turanci da Kiswahili ma haka. Tarihi ne ya tsaya mini a wuya.

Duk wanda ya ce karantar da yara a gida hutu ne, ya zo ya zauna a teburina. Yara uku, tebur ɗaya, malama ɗaya, kuma malamar ita ce mai girki. Ndirangu yana sha uku, Nyaguthii tara, Wacera biyar. Bara na bi littattafan gwamnati, kowane aji da nasa. Ina yi wa babban bayanin cinikin bakin teku, ta tsakiyar tana tambayata mene ne gunduma, ƙaramar tana ƙarƙashin tebur tana cin alli. Na sha wuya, ba zan sake ba.

Laraba, bayan azahar

Wanjugu ta zo da 'ya'yanta mata biyu kamar kowace Laraba. Ƙanwar mijina ce, amma kafin nan ƙawata ce, ita ce ma ta haɗa ni da yayan nata, Gitahi. Yau da ƙaton kwali ta shigo, wasu littattafan tarihi na Amurka da wata mata a cocinsu ta gama da su. Tsarinsu ya burge ni: yara duka su zauna tare a ji labari ɗaya, ƙarami ya yi zane, na tsakiya ya maimaita da bakinsa, babba ya yi rubutu. Ana farawa daga Masar, sai Girka, sai Rum.

Na ce mata tsarin zan ɗauka, labarin kuma namu zan sa. Mu fara daga gida: sunayenmu, ƙauyenmu, yadda aka tattara mutane a ƙauyukan dole a zamanin dokar ta-ɓacin Turawan mulkin mallaka. Uwar Gitahi, wadda muke kira Shosho, wato kaka, tana nan da ranta a Othaya, ta ga ƙarshen abin da idonta.

"Ke dai kin cika son wahala, Maman Ndirangu," in ji Wanjugu. "An dafa an kawo miki har gida, ke sai kin je yo itace."

"Fir'auna ba zai gudu ba, Wanjugu. Shosho ce ba mu da tabbas a kanta."

"Tsohuwar da ke kiran kaza da sunan fasto? Me za ta koya musu?"

Muka yi dariya. Ta bar kwalin duk da haka, wai in dai duba.

Alhamis, da yamma

Abin mamaki, Gitahi ya sa baki. Mutumin da tun da na cire yaran nan daga makaranta bai taɓa tambayar wane shafi muke ba, yau ya dawo daga shagonsa na maganin dabbobi ya zauna yana buɗa littafin Masar.

"Wannan shi ne ilimi," in ji shi. "Labarin ƙauye ai suna ji a bikin Kirsimeti."

Ndirangu ma ya bi bayan ubansa, wai shi sojojin Rum yake so. Na ce masa, "Kai ma Baba? Sunan babana na ba ka, amma kullum kana bayan mutumin nan." Ya yi murmushi bai ɗago ba.

Sun haɗa mini kai su uku. Ni kuwa in aka haɗa mini kai, nan nake kafewa.

Juma'a, da safe

Gobe zan kai su Othaya mu gwada darasi ɗaya. In bai yi ba, Masar ta ci. Ban gaya wa kowa ba, don kada a ce ga ruwan sama, ga tsadar mota.

Asabar, da magariba

Mun je. Mun dawo.

Lahadi, bayan coci

Na rera waƙa, na gaisa da mutane, na yaba wa matar fasto rigarta. Ban yi kuka ba.

Litinin, da hantsi

Bari in rubuta sau ɗaya, don kada kaina ya riƙa sake labarin.

Mun sami Shosho a madafa tana fere dankalin mukimo, abincinmu na kirɓaɓɓen dankali. Ndirangu ya gaishe ta, ya ce zai je ya duba saniya, ya fita. Nyaguthii ta zauna kusa da ita, ga fensir a hannu, ita a dole 'yar jarida.

"Takwara, yau kuma 'yar sanda kika zama?" in ji Shosho.

"Tarihi muke yi. Mami ta koya mana dokar suna. Ɗan fari namiji ya ci sunan baban uba, na biyu sunan baban uwa. 'Yar fari ta ci sunan maman uba, shi ya sa ni ce ke. Wacera kuma maman Mami ce."

"Kai, wannan yarinya! Haka ne."

"To me ya sa Ndirangu ya ci sunan baban Mami? An tsallake kakanmu Mathenge."

Na buɗe baki zan ba da labarin da na saba bayarwa. Shosho ta riga ni.

"Wa ya isa ya tsallake mijina? An haifi mai sunansa tuni. Yana Karatina wajen uwarsa, ya ma fi ubansa tsawo yanzu."

Wuƙar ta tsaya a hannunta.

"Wa ya haife shi?" in ji Nyaguthii.

"Ke da ƙanwarki ku je ku dubo mini ƙwai a bayan rumbu. Maza."

Da suka fita ta dube ni, ba ta ko ɓoye fuska ba. Ta ce, "'Yata, zan iya cewa suɓutar baki ce, kuma haka ne. Amma na tsufa, bakina ya gaji da riƙo. Ɗan Gitahi ne, kafin ke."

Na ce, "To, Mama." Abin da na iya faɗa kenan. Na karɓi wuƙar na ƙarasa ferar dankalin, muka ci, muka shiga mota.

Abu ɗaya na gode wa Allah a kai: Ndirangu yana wajen saniya, bai ji ba.

Talata, da asuba

Ranar da na haihu, Gitahi ya sunkuyo a kan gadon asibiti ya ce, "Wangechi, ki haifi babanki, mu sa wa yaron sunansa. Ya rasu bai ga aurenmu ba, nawa uban zai jira." Na yi kuka har ma'aikaciyar jinya ta leƙo. Uwarsa ba ta ce uffan ba, na ce kai, wannan gida akwai mutunci.

Shekara sha uku ina ba da wannan labari. A taron mata na ba da shi, a wajen bikin ƙanwata na ba da shi, har amare nake yi wa nasiha da shi: ku nemi namiji irin wannan. Yanzu ina ta tuno fuskokin da suka saurare ni, ina tambayar kaina su wane ne suka riƙe dariya.

Ashe sunan uban ba jira yake ba, an riga an kashe shi a wani gida. Abin da ya rage aka naɗe mini a matsayin kyauta.

Laraba, da rana

Na aika wa Wanjugu cewa yau babu karatu, kaina yana ciwo. Ba ƙarya na yi ba.

Alhamis, da yamma

Mun yi magana, ni da Gitahi. Ba zan rubuta ba.

Juma'a, da hantsi

"Kafin in san ki ne." Ya faɗi wannan ya fi a ƙirga, kamar wanda ke karanta takardar magani.

Na ce ban tambaye shi abin da ya yi kafin ya san ni ba. Abin da ya yi kullum bayan ya san ni nake tambaya.

Ya ce tsoro ya ji kada in fasa auren, daga baya kuma ya rasa ranar da ta dace. Ya ce sunan babana da zuciya ɗaya ya ba ni. A nan na tashi na shiga wanke tukunyar da na riga na wanke.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba yaron ba ne. Yaro me ya yi? Da an gaya mini, wataƙila in yi fushin wata ɗaya, wataƙila in fasa, ban sani ba, amma da ni zan zaɓa. An zaɓa mini, aka bar ni ina godiya.

Asabar, da rana

An yi wanki. An yi cefane. Ban yi kuka ba.

Na kira shi cin abinci, bakina ya ce "Baban Ndirangu" kamar kullum, sai na ji sunan ya yi mini ɗaci. A Karatina ko me suke kiransa?

Litinin, da safe

An koma karatu. An yi lissafi, an yi Kiswahili. Da lokacin tarihi ya zo na ce kowa ya ɗauki littafin da yake so ya karanta.

Na zauna ina kallon Ndirangu. Yaron nan ya ɗauki zamansa ɗan fari da muhimmanci har abin ya kan ba ni dariya. Shi ke rufe ƙofa da dare, shi ke raba nama tsakanin ƙannensa, in sun yi faɗa ya ce, "Ni ne babba a nan." A Disamba zai shiga kaciya tare da samarin coci kamar yadda al'adarmu take, dattawa su zaunar da shi su gaya masa nauyin da ke kan ɗan fari. Da wane baki zan ce masa akwai wani a gabansa, kuma sunan da yake taƙama da shi cike gurbi ne?

Duk abin da za a yi, kada ya taɓa yaron nan. Ni an riga an gama da ni.

Laraba, bayan azahar

Wanjugu ta zo. Ta tura yara tsakar gida da kanta, ta zauna a bakin kujera kamar baƙuwa.

"Mama ta kira ni," in ji ta.

"Tun yaushe kika sani?"

"Wangechi, ba nawa ba ne in faɗa."

"Tun yaushe?"

"Ni na raka shi ganin jaririn."

Na ce, "Ke kika tsaya a ƙofar ɗakin haihuwata kika yi guɗa biyar ta haihuwar namiji, Wanjugu. Ke kika fara kiran yaron nan da sunan babana, kika ce yayanki ɗan aljanna ne."

"To me kike so in yi? In ce miki me, kina jini a kan gado? Ɗan'uwana ne!"

"Ni kuma mece ce?"

Na nuna kwalin da ƙafa, na ce wannan fa, shi ma matar coci ce ta ga ya dace da ni?

"Na san in kin fara tono, ba ki da birki," in ji ta. "Na so in raba ki da wannan ne. Ga shi nan ai kin gani."

Wato laifin na mai tambaya ne. Na haɗa mata shayi don ban iya korar mutum ba, ta sha rabi ta tafi. Ta bar kwalin.

Alhamis, da safe

Na buɗe kwalin. Masar za mu yi.

Sun ci nasara, su ci. Ba don su na yi ba, don Ndirangu na yi. A Masar babu wanda zai tambayi sunan kowa.

Juma'a, da rana

Darasin ya tafi lafiya, abin haushi. Littafin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Wacera ta naɗe 'yar tsanarta da takardar banɗaki gaba ɗaya, wai gawar sarauniya ce, ta ce a nemo mata bayi. Nyaguthii ta maimaita labarin kogi da ambaliya ba ta bar komai ba. Ndirangu ya rubuta shafi biyu ba tare da na roƙe shi ba.

Ni kuma ina tsaye ina koya wa yara sunayen sarakunan da suka mutu tun kafin a san kwano, alhali na ɗan'uwansu da ke nan Karatina ba zan iya furtawa ba. Na ji kunyar kaina.

Lahadi, da yamma

Gitahi ya sayo kaza da garin yin gurasar chapati, alhali ba wani biki ake yi ba. Yara suka yi murna. Ni na ci githerin jiya, dafaffen masara da wake.

Talata, da magariba

Na manta da wace ce Nyaguthii. Yarinyar da in ka ce mata gobe, goben za ta tashe ka da tambayar.

Muna cin abinci, kowa yana wajen, ta ajiye cokali ta ce, "Mami, har yanzu ba a gaya mini wa ya haifi Mathenge na Karatina ba. Gwaggo Wanjugu mata ne da ita, kuma Baba ba shi da ɗan'uwa namiji. To waye?"

Uban ya ƙware da ruwa. Ndirangu ya ce mata, "Ke ki ci abinci, kin cika surutu." Na ce za mu yi maganar a darasi.

"A Masar?" in ji ta.

Laraba, da asuba

Wannan yarinya za ta haɗa lissafin da kanta kafin ƙarshen mako, kuma a gaban yayanta za ta faɗa, da murnar ta ci gasa. Ba zan bari ya ji daga bakin ƙanwarsa ba.

Na ce wa Gitahi ko dai ya gaya masa, ko ni in gaya masa. Fuskarsa ta canza irin yadda ban taɓa gani ba, har ya fi ranar da na tare shi. Ya ce, "Bar mini. Maganar maza ce. Kada ki je masa, Wangechi, don Allah."

Na ba shi zuwa Juma'a.

Juma'a, da yamma

Wai saniyar wani ta kasa haihuwa a Mweiga. Gitahi bai dawo da wuri ba.

Asabar, bayan la'asar

Na tura Nyaguthii da Wacera gidan maƙwabta, na zuba wake a faifai na ce Ndirangu ya zo ya taya ni tsinta. Na shirya maganar tun safe, na zaɓi kalmomi masu laushi. Na ce masa babu abin da zai canza matsayinsa a gidan nan, shi ne ɗan farina, sunan babana kuma ya fi ƙarfin a ce cike gurbi. Sannan na gaya masa.

Bai daina tsintar wake ba. Na ɗauka bai fahimta ba, na fara maimaitawa.

"Mami, na sani," in ji shi.

"Ka ji Shosho ranar nan?"

"A'a. Na san za a yi tambayar, shi ya sa na fita."

Na ce ya ajiye waken ya dube ni. Ya ajiye, amma bai dube ni ba.

"Baba yana kai ni. Ranakun da muke cewa mun je kasuwar dabbobi. Ba kullum ba. Mathenge ba shi da matsala, Mami. Shi ya koya mini gyaran keke. Yana tambayar su Nyaguthii."

"Tun yaushe?"

"Ina sha ɗaya."

"Kuma ba ka taɓa..."

"Baba ya ce in na faɗa za ki tafi. Ya ce ɗan fari shi ke riƙe gida." Sai muryarsa ta karye, ya koma yaro ƙarami a gabana. "Na san ba ni ne ɗan farin ba, amma na riƙe. Kin yi fushi da ni?"

Na jawo shi jikina, faifan ya kife, wake ya watse ko'ina. Na ce ban yi fushi da shi ba, na faɗa na sake faɗa har ya yarda. Ƙashin bayansa duk ya fito, ban lura ba sai yau.

Yau na yi kuka.

Lahadi, da safe

Ban je coci ba.

Mako nawa ina tafiya a kan yatsu a gidan nan don kada yaro ya ji, har na haɗiye darasina na ɗauki na wasu. Shi kuma shekara biyu yana yi mini hakan, yana kallon fuskata yana auna abin da zan iya ɗauka. Uba ya rasa inda zai ajiye ƙaryarsa sai a kan ɗan shekara sha ɗaya. Na sunan babana wataƙila wata rana in yafe. Wannan ban ga ranar ba.

Na gaya wa Gitahi haka. Ya zauna a bakin gado ya rufe fuska. Ya tambaya ko zan tafi. Na ce ban sani ba, kuma in na yanke, daga bakina yaran za su ji, ba za a sake ba wani yaro ajiya a gidan nan ba.

Na ce ya mayar wa ƙanwarsa kwalinta a hanyarsa, ya kuma rufe shago gobe da safe, ana bukatarsa a aji.

Litinin, da rana

Mun fara daga gida. Gitahi ya zo ya zauna a ƙarshen tebur, hannuwansa a tsakanin gwiwoyi. Nyaguthii ta maimaita tambayarta, na ce ubanta zai amsa. Ya amsa, a gajarce, yana kallon ƙasa.

Wacera ce ta ce, "Yayan namu yana da gemu?"

Gitahi ya kau da kai. Ni ban sani ba. Sai Ndirangu ya dube ni, yana neman izini da ido. Na miƙa masa allin.

Ya tashi ya tsaya inda nake tsayawa, ya fara ba ƙannensa labari: gidan yana bayan kasuwa, akwai bishiyar avokado a ƙofa, yayansu yana dariya irin ta Shosho. Yana magana kafaɗunsa suna saukowa. Nyaguthii tana rubutu, Wacera tana zanen mutum mai dogayen ƙafafu.

Na ja kujera na zauna a gefen Wacera. A duk ajin, ni kaɗai ce babbar da ba ta san darasin ba.